Filta: Ina Iyakar Gyaran Hoto?

 

Yau a kan hoto za mu yi magana, musamman hoton fuska, da wannan abin da ake kira filta, mai tausasa fata ya ɓoye ƙuraje da tamoji. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka wayar salula ce ta kawo shi, alhali ya girmi kakanninmu. Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne, a 'yan shekarun nan idan ka tara hotunan amare goma na yankinmu, daga Funtuwa har Malumfashi, sai ka rantse 'yan ɗaki ɗaya ne. Hanci iri ɗaya, haske iri ɗaya, fata sumul kamar ta 'yar tsanar roba. Mu kuwa da muka tashi tare da su mun san ba haka Allah Ya yi su ba, kuma yadda Ya yi su ɗin babu abin kunya a ciki.

Mu 'yan kudancin Katsina 'ya'yan manoma ne, ko da mutum ya je ya yo difloma ya dawo yana saka takalmi sau-ciki. Auduga ce ta raya Funtuwa. Saboda ita aka kafa injinan gurza tun zamanin Turawa, a nan da Malumfashi. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ta cikin garin ya ratsa, daga baya kuma aka kafa masaƙa. A 1975 Funtuwa na cikin wurare uku, ita da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya. Har gobe masara da dawa da waken suya ne ke cika kasuwar Ɗandume, rake da tumatir na fitowa daga Ɗanja. Duk wannan aiki a cikin rana ake yin sa, rana kuwa ba ta barin fuska yadda ta same ta.

Sannan ku duba lokacin da aka fi ɗaukar hoto a wurinmu. Sai an yi girbi, an kai amfani kasuwa, kuɗi sun shigo hannu, sannan ake sa ranar biki. Wato daidai lokacin da hunturu ya kankama, fata ta yi furu-furu, leɓe ya tsattsage, ƙafa ta yi faso. Amaryar da ta gama taya uwarta sussuka da sheƙa ita ce za ta zauna gaban kyamara bayan sati uku. Angon da ya kwana arba'in yana tsinkar auduga da ɗaurin buhu shi ne zai sa babbar riga ya tsaya kusa da ita. Hoton nan kuma shi za a buga a kalanda da sitika da jota, a raba wa dangi har na Kaduna da Legas. Don haka damuwar mai hoto ta gaskiya ce, haka ma ta wanda ake ɗauka. Babu wanda ke biyan kuɗinsa don a tona masa asiri.

Mun riski ƙarshen zamanin fim muna yara. Ranar Sallah mai hoto zai ratso unguwa da kyamara rataye a wuya, ko kuma mu bi shi shagonsa mu tsaya gaban labulen da aka zana wa jirgin sama da gidan bene. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma sai ya cika sannan a kai shi wanki. Ka biya kuɗi yau, ka ga fuskarka bayan kwanaki, in ka ƙifta ido to haka za ka karɓi abinka. A unguwarmu akwai wani dattijo da ya shekara fiye da talatin a wannan sana'a kafin wayoyi su karya kasuwar. Wata rana muna zaune a ƙofar gidansa ya fito da wani tsohon gwangwanin madara ya zazzage mana. A ciki akwai wani gilashi zagayayye wanda ba shi da launi, da ɗan yankin baƙin gyale mai shara-shara, da robar ɗaure kuɗi, da ƙaramar kwalbar basilin.

Muka ce, "Baba, wannan ƙyallen na goge kyamara ne?"

Ya yi dariya ya ce, "A'a yarana, wannan shi ne mai kwalliyata. Da shi na aurar da rabin matan unguwar nan."

Ya nuna mana yadda yake miƙe gyalen a bakin idon kyamara ya ɗaure da roba, in amarya ce ko wata dattijuwa da ta zo hoton da za ta aika wa 'ya'yanta. Basilin kuma a kan wancan gilashin na banza yake shafa shi, siriri, a gefe-gefe, ya bar tsakiya fes. Ya ja mana kunne cewa ba a taɓa shafa shi a idon kyamarar kansa, domin wanke shi aiki ne, kuma garin wankewa ake ƙarce gilashi mai tsada. In kuwa abin ya zo da gaggawa, huci kawai yake yi wa gilashin, ya jira raɓar ta ɗauke rabi, sannan ya danna. Da muka tambaye shi yadda yake sanin ya isa haka, sai ya ce, "Ido ba a taɓa shi. In ido ya dushe hoto ya mutu. Kuma duk gyaran da zai sa uwar yarinya ta kalli hoto ta ce wace ce wannan, to ka ci kuɗin mutane a banza."

Baba bai taɓa fita Najeriya ba, amma dabarun nan nasa tsofaffi ne a duniyar masu hoto. Tun a 1866 wani maƙerin gilashin kyamara a Landan, John Henry Dallmeyer, ya fito da ido na musamman don hoton fuska, wanda ake murɗa bayansa a ƙara laushin hoto ko a rage. A cikin shekarun nan dai na 1860 wata Baturiya, Julia Margaret Cameron, ta yi suna da hotunan fuska masu ɗan dishi-dishi, har masu sana'ar na lokacin suna zarginta da rashin iya saiti. Da masana'antar fim ta Hollywood ta bunƙasa, masu ɗaukar hoto suka riƙa sa safar mata mai shara-shara a gaban ido ko bayansa in za a nuno fuskar jaruma kusa. Daga baya kamfanoni suka mayar da dabarar kayan sayarwa. Kamfanin Zeiss na Jamus ya yi wanda ya kira Softar, mai mataki uku. Kamfanin Tiffen na Amurka yana da Pro-Mist da Black Pro-Mist, masu lambobi irin su 1/8 da 1/4 da 1/2 da 1, lamba na hawa laushi na ƙaruwa. Gyalen Baba da waɗannan duk aiki ɗaya suke yi, kuɗin ne ya bambanta.

Yadda abin yake aiki ba wani sihiri a ciki. Hoto haske ne da ya faɗa a kan fuska, ya dawo ya shiga idon kyamara. Abin da ke sa a ga ƙurji ko tamoji shi ne, kowane ɗan tudu a fata yana da gefen da haske ya buga da gefen da ke cikin inuwa. Gilashin tausasawa yana ɗauke da ƙananan ɗigo-ɗigo, gyale kuma zarurrukansa ne ke yin wannan aikin. Mafi yawan hasken na wucewa kai tsaye, shi ya sa siffar fuska take nan daram. Ɗan kaɗan ne ke cin karo da ɗigon ya watse, ya malala cikin ƙananan inuwoyin da ke kusa ya cike su. Da inuwar ƙurji ta ragu sai ya daina tsole ido. Wannan ne ya raba hoton da aka tausasa da wanda saitinsa ya kauce. Wanda saitinsa ya kauce komai nasa ya dushe, har ƙwayar ido da gashin gira. Wanda aka tausasa kuwa layukan fuska na nan da kaifinsu, an dai yafa musu ɗan haske a sama.

Mu nan ba sai an kai mu aji ba kafin mu gane wannan, domin duk shekara ana saka wa garinmu irin wannan gilashi kyauta. Ranar da hazo ya sauka sosai a Disamba ko Janairu, duba inuwarka a ƙasa, za ka ga bakinta ba shi da kaifi. Rana ta koma kamar farin faranti, fitilun manyan motoci a hanyar Zariya kowace da rawanin haske. Ƙurar da iska ta kwaso daga Sahara ce ke watsa hasken. Amma ka lura da wani abu kuma: baƙar mota in tana nesa toka-toka take komawa. To nan ne matsalar take ga mai baƙar fata.

Hasken da ya watse ba ya zaɓen inuwar ƙurji kaɗai, duk wani wuri mai duhu a hoton yana shiga. A fuskar mai hasken fata abin bai cika nunawa ba. A fuskar baƙi ko wankan tarwaɗa kuwa, in laushin ya yi yawa sai launin ya kwanta, mutum ya fito kamar wanda ya taso daga injin niƙa. Wannan sheƙin da baƙar fata ke yi a goshi da kumatu, wanda shi ne ke fitar da siffar fuska, sai ya baje ya zama hayaƙi. Shi ya sa irin da ake kira Black Pro-Mist ya fi dacewa da mu, domin an cakuɗa masa baƙaƙen ƙwayoyi masu shanye wani ɓangare na hasken da ya watse, baƙi ya tsaya a baƙinsa. Shi ya sa kuma gyalen Baba baƙi ne. Da fari ya sa, da amaren unguwarmu duk sun fito a cikin hazo. Bai karanta wannan a littafi ba, fim ɗin da ya ƙone masa ne ya koya masa.

Dama can kayan hoto ba da fatarmu aka auna su ba. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake saita launi a injin wanki. In fatar Shirley ta fito daidai, to an ɗauka komai ya yi daidai. Binciken da wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta wallafa a 2009 ya nuna cewa cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launuka masu duhu har da masu sayar da kayan katako da masu cakulan, saboda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ke da mata masu launin fata daban-daban. Ko a zamanin waya, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Tecno ta karɓu a kasuwanninmu shi ne kamfanin ya saita kyamararsa don ta iya ɗaukar baƙar fata. Google kuwa sai a 2021 ya fito da nasa tsarin da ya kira Real Tone. Idan wani ya ce shi hoto ba ya karɓarsa, sau da yawa laifin na na'urar ne da wanda ya riƙe ta.

To amma filtar waya wani abu ne daban, ko da sunan ɗaya ne. Gilashi da gyale haske kawai suke watsawa. Ba za su iya rage faɗin hanci ba, ba za su ƙara girman ido ba, ba za su mayar da baƙi fari ba. Manhajar waya kuwa tana gano inda ido da hanci da haɓa suke, sannan ta sake zana su. Snapchat ya fara irin wannan a 2015, a 2023 kuma TikTok ya fito da wanda ake kira Bold Glamour, wanda ko hannu ka gitta a fuska ba ya zamewa, har mai kallo ya kasa gane an yi gyara. Wayoyi da yawa ma da abin a kunne suke zuwa daga kamfani, mutum ya ɗauki kansa bai san an riga an taɓa shi ba. Wasu ƙasashe sun ga abin ya kai a yi masa doka. Faransa tun 2017 ta wajabta rubuta cewa an gyara hoto in an sauya siffar jikin mai talla, Norway ma ta bi sahu a 2022. Mu kuwa ko fastar ɗan takara ka duba a sha-tale-talen gari, sai ka ga ɗan shekara sittin ya koma sa'an ɗansa.

Da abin ya tsaya a fasta da sai mu yi dariya mu wuce. Amma ya shigo cikin gida, ta ƙofar aure ya fara shigowa. Yanzu sau da yawa hoto ne ke fara zuwa kafin mutum, ta WhatsApp ko ta hannun wata 'yar uwa mai haɗi. Mun san wani abokinmu da ya ɗauki mashin ya tafi zance wani gari a kan hanyar Malumfashi. Yarinya ta fito zaure ta gaishe shi, ya amsa, sannan ya ce ta shiga ta kira masa yayarta. Ita ce. Samari sun daɗe suna ba da labarin nan suna dariya, amma ba a cika tambayar yadda ita ta kwana a daren ba. Yarinya ce kyakkyawa, baƙa mai fara'a, wadda da a gidan biki ya fara ganinta da shi zai bi ta. Hoton ne ya sa fuskarta ta gaskiya ta zama kamar an yi masa ragi. Kuma kada a ɗauka mata ne kaɗai, samari ma haka suke aika nasu.

Ta ƙofa ta biyu kuma bilicin ne ya shigo. Yarinyar da kullum take ganin kanta fara a waya, ranar da ta kalli madubi sai ta ga kamar madubin ne ke mata ƙarya. Daga nan zuwa shagon mai haɗa man shafawa tafiya ce gajera. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana matsalar a matsayin ta gaggawa. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makyuri mai lalata ƙoda, wasu kuma magunguna ne masu ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri har ciwo ya ƙi warkewa. A yanki irin namu, inda ko ɗiban ruwa da kai abinci gona a rana ake yi, baƙin nan da ake kankarewa shi ne garkuwar fata daga zafin rana. Ba mu ce filta ce ta ƙirƙiro bilicin ba, ya riga ta zuwa. Amma ita ce ke nuna wa yarinya kowace safiya irin fuskar da wai ta rasa.

Ƙofa ta uku ta fi nauyi a faɗa. Kowa ya san halin da yankinmu ya shiga, daga Faskari da Sabuwa da Ɗandume har Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a Disambar 2020. Cigiya ta zama abin da muke gani kusan kullum a wayoyinmu. Ranar da mutum ya ɓace, ko aka tsinci wanda ba ya cikin hayyacinsa a tasha ko asibiti, hoto ake nema. Sai dangi su buɗe waya su tarar da hotuna ɗari, babu ko ɗaya da baƙo zai iya gane mutumin da shi. Tabon da ke gefen ido an goge, wushirya kaɗai ta rage. Daga ƙarshe sai a koma ga hoton katin zaɓe ko na katin ɗan ƙasa, wanda mai shi ya yi ta ɓoyewa don kada a yi masa dariya. Ashe shi ne mai amfani ranar da ake buƙata.

Akwai kuma fuskokin tsofaffinmu. Kakanninmu da yawa na ɗauke da aikin wanzami: bille, da kalangu, da 'yan baka, da fashin goshi, da zube irin na gado. Da su ake gane daga ina mutum ya fito tun kafin ya buɗe baki. Al'adar na ƙarewa, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma ta hana yi wa yaro tsaga, kuma ba muna kira a dawo da ita ba ne. Amma waɗanda ke ɗauke da ita a yau su ne na ƙarshe, manhajar waya kuma ba ta san bambancin tsagar gado da tabo ba, duk sharewa take yi. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu, yau su ake dubawa in ana son sanin irin kitson da ya shuɗe. Mu ga namu tarihin a tsakar gida yana jan carbi, muna goge shi da babban yatsa.

Kada a fahimce mu da cewa gyara haramun ne a hoto. Bahaushe bai taɓa ƙin ado ba. Kwalli da lalle da dilka da turare duk don a fito da kyau aka yi su, kuma babu wanda ya ce amarya ta yi ƙarya don ta yi su. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yau kuma ake rataye hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya, yakan ara wa masu zuwa wurinsa agogo da rediyo da alƙalami, ya gyara musu zama, ya zaɓi gefen fuskar da ya fi kyau. A tsakar gidansa yake ɗauka da hasken rana. Amma duk wanda ya ɗauka, danginsa na gani za su ce wane ne. Matar da ta yi shekara arba'in tana surfe da daka ta cancanci hoton da za ta kalla ta yi murmushi. Yarinyar da ƙurajen balaga suka dame ta ba ta yi laifi ba in ta ce a rage su. Ma'aunin da muka ga ya fi adalci shi ne: abin da zai tafi da kansa nan da sati biyu, kamar ƙurji da fashewar leɓe da kumburin rashin barci, a rage shi. Abin da mutum zai shiga kabari da shi, launinsa da hancinsa da tsagarsa da wushiryarsa, a bar masa kayansa.

Ga masu riƙe kyamara ko waya a cikinmu, rabin aikin filta haske ne ke yin sa in an san inda za a tsayar da mutum. Ranar tsaka ita ce babbar mai tona asiri, tana zuba inuwa a ƙarƙashin ido da hanci ta fito da kowane tudu. A bari sai da hantsi ko bayan la'asar. In ba a samu haka ba, a tsayar da mutum a bakin ƙofar zaure, yana daga ciki yana fuskantar waje, hasken da ke shigowa nan mai laushi ne kuma yana sa ido ƙyalli. A guji gindin darbejiya in rana na ratsa ganye, domin dabbare-dabbare za ta yi wa fuska. A sa yaro ya riƙe farin zani ko farar takarda babba daga ƙasa ya mayar da haske cikin inuwar haɓa. A ja da baya kaɗan, domin kusanta waya da fuska shi ke kumbura hanci. A goge gumi, a shafa ɗan mai a leɓe. Mai gilashin tausasawa ya tsaya a 1/8 ko 1/4, mai waya kuma ya shiga saitin kyamara ya kashe abin ƙara kyau ko ya mayar da shi ƙasa sosai. Sannan a tambayi mai fuskar kafin a taɓa masa ita.

Mu masu alƙalami ma abin bai bar mu ba, domin akwai filtar da ake sawa da biro. Sau nawa muka buɗe labari a waya muka tarar da jaruma fara sol, doguwa, hanci har baka, ido dara-dara, gashi har gadon baya? Ka karanta goma ka kasa tuna fuskar ko ɗaya, kamar dai amaren nan na kalanda. Mai karatu ya fi riƙe yarinyar da ke da ɗan tabon ƙunar murhu a hannu, ko dattijon da goro ya rina wa haƙora. Garin da ya fitar da Hajiya Bilkisu Funtuwa, ya kuma zama mazaunin Alhaji Mamman Shata, bai kamata 'ya'yansa su rasa kalmomin siffanta mutanensu ba.

Roƙonmu a wannan kaka ƙarami ne. Kowa ya samu lokaci ya zaunar da tsofaffin gidansu a bakin zaure, ya ɗauke su yadda suke, sannan ya bi sauran mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da shi kansa. A kai a wanke a kan takarda, domin waya na faɗawa rijiya, ana sace ta, tana kuma mutuwa da duk abin da ke cikinta. A juya bayan hoton a rubuta suna da gari da shekara. Na biki a yi masa duk adon da ake so, amma a ajiye wannan ɗaya a cikin adaka.

Muna jiran jin ra'ayoyinku, musamman masu sana'ar hoto da masu kwalliya da ke cikinmu, domin su ne ke fama da "ƙara mini haske" kullum. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya sa albarka a abin da aka girbe. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.